Ranar da Ɗahiru Mai Pus-pus Ya Kama Bolan

Shekara goma sha ɗaya ina koya wa mutane tuƙi a wata oto-ekol a Yamai, kuma duk wanda ya taɓa zama gefena ya san ni da baki. Na taɓa sa wata ma'aikaciyar banki kuka a tsakiyar titi. Na taɓa sauke ɗan wani attajiri na ce ya ƙarasa gida da ƙafa tunda ita ya iya. Ba na jin kunyar wannan, mota ba abin wasa ba ce. Mutum ɗaya tak na kasa yi wa tsawa, shi ne Baba Ɗahiru mai pus-pus, kuma darasinsa ne ya tsaya mini a rai har yau.

Gidan haya ɗaya muke da shi a Gamkalley, ɗakinsa na kallon na uwata tun kafin in yi wayo. Ba jini ya haɗa mu ba, amma Baba nake ce masa, matarsa Hadizatu kuma Inna. Mutumin Adar ne, daga wani ƙauye can bayan Tawa. Ya zo Yamai cin rani yana ɗan shekara ashirin, da niyyar ya koma gona in ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka sau talatin da huɗu, bai koma ba. A kasuwar Katako ya tsaya, ya kama pus-pus, wato baron nan mai tayoyin tsohuwar mota guda biyu da hannuwan ƙarfe a baya, yana tura katako da kwanon rufi zuwa inda ake gini.

Wanda bai sani ba zai ce tura kaya ƙarfi ne kawai. Ƙarya ne. Ina yaro Baba Ɗahiru kan ɗora ni bisa lodi in hanyarmu ta haɗu, don haka na ga aikin da idona. Katako ne dogo, ya wuce baron gaba da nisa. In kana son bakin lodin ya yi hagu, to kai da ke baya sai ka ja hannuwan zuwa dama. In dama kake so, ka ja hagu. In kuwa za ka tsaya, babu furen, wato birki, jikinka ne furen: ka kafa dugadugai biyu a ƙasa, ka ja ƙarfen zuwa ƙirjinka, ka buɗe baki ka ce "Hanya, hanya." Haka ya yi shekara talatin da huɗu a cikin cunkoson Katako, kuma ko akuya bai taɓa gogewa ba. Da wannan baron ya aurar da ƴarsa Sakina, da shi ya binne ƴaƴa biyu, da shi yake ci.

Shekara biyu da suka wuce gwiwarsa ta hagu ta fara kumbura. Kullum da yamma Inna Hadizatu tana gasa masa ita da ruwan zafi, ta shafa man kaɗe. Likita ya ce ya bar tura kaya. Baba Ɗahiru ya yi masa godiya, washegari ya koma Katako.

Wata Litinin cikin tsakiyar bazarar nan, Alhaji Mijinyawa ya aiko a kira ni. Shi ne mai rumfar katakon da Baba Ɗahiru ke yi wa dako, Bamaraɗe ne, mutum ne mai magana ɗaya. Ya ba ni kujera, ya ce:

"Habibu, na sayi mota bashe, mai buɗaɗɗen bayan nan ta ɗaukar kaya, tana hanya, ƙarshen wata za ta iso. Masu gini a unguwar Koira Kano ba sa jira yanzu. Mutum ya kira ka da safe, yana son kayansa kafin kafinta ya gama shan shayi, Ɗahiru kuwa sai azahar. Ran nan wani ya fasa saye a gabana don ya ga pus-pus."

Na ce, "To Alhaji, shi fa?"

"Shi ne na kira ka. Shekara ashirin da shida muna tare, ko ƙusa bai taɓa ɓatar mini ba. In zai iya tuƙi, ni zan yi masa permi, takardar tuƙi, in ba shi makulli. In ba zai iya ba, ka faɗa mini tun yanzu in nemi direba, domin ranar da bashe ta zo, pus-pus ya gama aiki a rumfar nan. Ka ɗauke shi sau ɗaya, ka dawo ka gaya mini gaskiya."

Na ce sau ɗaya ba ya isa a san mutum. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ba kai ba ne ka zauna nan ka ce minti goma ya ishe ka ka gane wanda zai zama direba?" Ni ne kuwa. Na faɗa, har da buga ƙirji. Bakina ne ya ja mini.

Ranar Laraba da hantsi na zo ƙofar gida da motar makaranta. Baba Ɗahiru ya fito da farar rigarsa ta Juma'a, an goge ta har tana ƙyalli, ga takalmi sau-ciki wanda na san na mijin Sakina ne. Inna Hadizatu ta rako shi har bakin zaure tana ta addu'a. Kafin ya shiga ya tsaya ya kakkaɓe takalman nan sosai, sannan ya zaro wata ƴar takarda daga aljihu ya miƙo mini da hannu biyu. Hotuna ne ƙanana guda huɗu, irin na permi.

"An ce za a nema, Malam Habibu."

Malam. Mutumin da ya sha fyace mini majina. Na ce, "Haba Baba, wane irin Malam kuma?" Ya ce yau ni ne gaba, shi ɗalibi ne. Na jefa hotunan cikin aljihun mota, raina a ɓace, ban san dalili ba.

Na kai mu wani fili bayan Koira Kano, inda gine-gine ba su gama cinyewa ba. Ƙasa ce mai tauri a tsakiya, yashi a gefe, ga wani kango da aka ɗaga aka bari daga dama. Muka sauya kujera. Ya zauna a bakin kujerar, bai jingina ba, na ce ya koma baya, ya ɗan matsa kaɗan. Ashe tunda yake bai taɓa zama gaban mota ba. Na nuna masa abin takawa uku: na hagu ambiriyaj, na sauya giya, na tsakiya furen, na dama na mai. Na nuna masa nawa a ɓangarena, irin na motar koyo, na ce kada ya ji tsoro, in ya rikice ni zan tsayar. Ya maimaita sunayen sau uku a hankali. Ya yi bisimilla, ya kama bolan, wato sitiyari, da hannu biyu, na ga jijiyoyin hannun sun tashi.

Mota ta mutu sau biyar kafin ta motsa. Wannan ba komai ba ne, na ga wanda ya kashe ta sau ashirin kuma yau tirela yake ja. Kowace mutuwa sai ya ce, "Yi haƙuri, Malam," gumi na ɗiga daga haɓarsa zuwa farar riga. A na shida ta tafi. Sai na ga ya sunkuyo ya danna ƙirji gaba yana tura bolan da dukan ƙarfinsa, yana nishi.

"Baba, saki jikinka. Ita za ta kai ka, ba kai za ka kai ta ba."

Ya ɗan sassauta. Muka tafi miƙe har ƙarshen fili, kuma wallahi miƙewarsa ta fi ta rabin ɗalibaina, domin ido gare shi, ya san faɗin abin da yake ciki. Na ce, "To, yanzu hagu."

Ya juya dama.

Na taka furen, na yi dariya, na ce ba komai. Muka sake. Na ce hagu, ya yi dama. Na zaci irin mutanen nan ne da ba su rarrabe hannuwansu, na ce ya ɗaga mini hannun hagu. Ya ɗaga daidai, har ya dube ni da ɗan jin haushi. A karo na uku ban kalli hanya ba, kafaɗunsa na kalla. Da na ce hagu, idonsa ya tafi hagu sarai, amma kafaɗa da kwankwaso suka karkata dama, hannuwan suka bi su. Na san wannan karkatar, ina bisa lodin katako na fara ganinta.

Na kashe mota na yi masa bayani. Na ce a pus-pus yana bayan kaya, a nan kuwa yana ciki, inda yake so nan zai juya. Ya saurara har na gama, sannan ya buɗe tafukansa yana kallo. Duk kanta ne, yatsun ma ba sa miƙewa sosai, sun lanƙwashe daidai kaurin ƙarfe.

"Kaina ya ji, Malam. Hannun ne bai ji ba."

Wani ɗalibi ne da tuni na wanke shi tas. Na haɗiye, na ce mu tafi a hankali, kafin kowace kwana ya tsaya ya yi tunani. Haka muka yi. In na ce hagu, sai ya motsa leɓe, ya ce wa kansa "hagu, hagu, hagu," ya cije, ya juya daidai. Ya yi ɗaya, ya yi biyu, ya yi bakwai a jere babu kuskure. A na bakwai ya waiwayo yana murmushi, haƙoransa na goro a waje, ya ce, "Ashe tana jin magana." Ni ma na fara shirya abin da zan faɗa wa Alhaji. Zan ce a ba shi wata uku.

Muna cikin zagaye na takwas, wata mata ta ɓullo daga bayan kangon nan da ke damanmu. Tallan mangwaro take, tire a kai, goyo a baya, tana yanke fili don ta rage hanya. Ba ta kusa sosai, kuma tafiyarmu ba ta fi ta keke ba. Na ce da murya ƙasa, "Hagu, Baba, a hankali."

Bai samu lokacin yin magana da kansa ba. Ya buɗe baki ya ce "Hanya, hanya" a cikin mota mai rufaffen gilashi. Ya kafa ƙafafu biyu a ƙasa da dukan ƙarfinsa, ta dama a kan na mai, injin ya yi wata ƙara. Ya fizgi bolan zuwa ƙirjinsa, ya karkata dama, muka nufi matar kai tsaye. Na danne furen ɗina har ƙasa, na kama bolan da hannu biyu ina ja. Ni da nake da shekara talatin da shida ban iya motsa shi ko kaɗan ba. Mota ta ja ƙasa, ta faɗa cikin yashi, ta mutu.

Da na zuge gilashi na miƙa hannu, da na taɓa zanen matar. Tiren ya kife, mangwaro ya watse, jaririn ya tsala kuka. Ta fara zazzaga mana zagi da Zabarmanci, babu wanda ta bari a danginmu, kuma ban ga laifinta ba. Baba Ɗahiru yana jin Zabarmanci sarai. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya durƙusa yana tsince mangwaron ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowanne da farar rigarsa kafin ya mayar kan tire. Da ya ɗago, ta ga furfurar gemunsa, sai ta sauke murya. Ta gyara goyonta, ta ce da Hausa:

"Baba, a shekarunka me ya kai ka?"

Shi dai jaririn yake kallo. Ya taimaka mata ta ɗora tire, ta tafi tana waiwaye.

Na koma kujerar direba na tayar da mota, taya ta yi ta juyawa tana tona rami. Na zagi yashin, na zagi motar, na zagi wanda ya bar kango a wurin. Baba Ɗahiru ya zo bakin taga ya ce, "Daina taka mai, Habibu, kana ƙara binne ta ne." Ya bar ce mini Malam, ban ma lura ba sai daga baya. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tone yashin gaban taya da hannu, ya kwaso ɓaraguzan bulo daga kango ya jera. Ya koma baya, ya sa kafaɗa, ya ce, "Miƙe bolan. Kaɗan kaɗan. Yanzu." Tashi ɗaya mota ta fito.

Na dubi madubi, na gan shi a ƙasa, ya dafe gwiwar hagu. Kafin in iso ya miƙe da ƙyar, ya ce ba komai. Ya buɗe ƙofar gefe ya zauna, bai ko kalli kujerar direba ba.

A hanyar gida na yi ta surutu don na kasa jure shirun. Na ce kowa haka yake ranar farko.

"Kowa yana taka mace da goyo ranar farko?"

"Ai ba ka taka ta ba, Baba."

"Kai ne ba ka taka ta ba. A bashe kana nan?"

Na ce da sabo hannun zai koya. Ya girgiza kai, ya ce in yana da lokacin tunani zai iya, amma Katako ba ta ba mutum lokacin tunani, yaro ne zai fito daga ƙarƙashin tebur, makaho ne zai juyo ba zato. Ya ce shekara talatin da huɗu hannun nan ne ke tsare masa mutane tun kafin kansa ya gan su, yau kuma shi ne zai kashe su. Ni da ake tsoron bakina a duk oto-ekol ɗinmu, na ƙarasa da mu Gamkalley ban iya musa masa ba.

Inna Hadizatu tana bakin zaure. Ta ga rigar duk ƙasa da ruwan mangwaro, ta tambaya. Ya ce, "Alhamdu lillahi, mun fara." Ya wuce ciki yana ƙoƙarin ɓoye ɗingishi.

Washegari da sassafe na nufi Katako da ƙaryata a shirye. Zan ce wa Alhaji akwai alama, a ƙara mana lokaci, ni zan riƙa ɗaukarsa kullum ko da bayan aiki ne. Na san ƙarya ce, kuma na san in ta kai mu ga permi wata rana za ta kai mu ga gawa, amma ba zan iya zama wanda ya cire masa abinci daga baki ba. Ban gama gaisuwa ba Alhaji Mijinyawa ya ɗaga mini hannu.

"Ajiye, Habibu. Ya riga ka. Ina buɗe rumfa na same shi zaune. Ya ce in ba wani makullin."

Nan bakina ya dawo. Na ce wa Alhaji shekara ashirin da shida ba kwana biyu ba ce, na ce gwiwar nan a kan katakonsa ta ƙare, na faɗi abin da bai kamata in faɗa wa sa'an ubana ba, har maƙwabtan rumfa suka leƙo. Ya bar ni na gama. Ya ce, "To me zan sa shi? Lodi sai mai gwiwa. Ciniki ga ni ga ɗana. In na samu zan riƙa yi masa alheri, wannan ba sai ka roƙe ni ba. Amma aiki babu." Ya share ido da bakin rawaninsa. Na so in tsane shi, na kasa, kuma hakan ya fi ci mini rai.

Na tambayi inda yake. Alhaji ya ce ya ɗauki lodi, zai ci gaba har ranar da bashe ta iso.

Wajen ƙarfe sha ɗaya ina tare da wata ɗaliba, Zeinabu, muka hau hanyar Koira Kano. A wani ɗan hawa muka cim masa. Rana ta take, kwalta na tururi, katakon ya yi gaba yana lilo, shi yana baya ya sunkuya, yana tura da ƙafa ɗaya yana jan ɗayar. Motoci sun taru a bayansa. Zeinabu ta kai hannu za ta yi masa oda, na riƙe hannun, na ce in ta taɓa sai ta sauka. Muka bi shi a hankali har ya kai sama. Akwai kwana a wurin. Na ga ya karkata dama, bakin lodin ya shige hagu sumul, tsakanin wata mai tuya da wani babur, bai taɓa kowa ba. Bai san muna bayansa ba.

Hotunan nan huɗu suna cikin aljihun motar har yanzu. Bai tambaye su ba, ni kuma ban iya mayar masa ba.

Jiya da yamma na shigo gida, na sami Inna Hadizatu tana sauke shanya. Farar rigar tana hannunta, ta wanke ta fes, tabon mangwaron ya fita. Ta ce mini gwiwar Babana ta ƙi sauka kwana biyun nan, gara ma a yi a gama koyon nan ya huta da tura kaya. Ta ce har ta gaya wa Sakina a waya ubanta zai zama direba.

"Yaushe za ku koma ne, Habibu? In goge masa ita."

Ta tagar ɗaki na hango shi zaune kan tabarma, ƙafar a miƙe, yana jinmu. Na ce, "Sai na duba, Inna." Bashe kuwa ranar Alhamis za ta iso.